Ranar Da Labari Ya Iso

Idan kuna son ku san ko telekoman, rimot ɗin tele, na da rai, ba sai kun kunna tele ba. Ku buɗe kyamarar waya, ku auna mata bakin telekoman ɗin, ku danna duk maɓallin da yatsanku ya faɗa. Idonku ba zai ga komai ba. Amma a fuskar wayar za ku ga wani ɗan haske fari-fari mai ruwan shunayya yana ƙyaftawa. Ku gwada don Allah, in akwai ɗaya kusa da ku. Shi ne abu na farko da Kawu, ƙanin Innarmu, ya koya mini da na bar lakwal, wato makaranta, na koma zaman butik ɗinsa, shagon da ke Gounghin a nan Wagadugu, inda muke sayar da dekoder da telekoman da farantan parabol.

Na ce, "Kawu, me ya sa waya ke gani, ni ba na gani?"

Ya ce, "Ke dai gwada ki ba mutum kayansa. Tambayar nan da a lakwal kika yi ta, da yanzu kina biro, ofishinki guda, kina shan iska."

A ranar na sayi mega na hau intanet na shiga bincike. Daga nan na faɗa rijiyar da har yau ƙafata ba ta taɓa ƙasanta ba.

Ashe haske dangi ne babba, mu kuma na tsakiyarsu kaɗai muka sani. Kun ji yadda masu rediyo ke cewa gajeren zango, dogon zango? To haka haske yake, kowane da tsawon zangonsa. Mafi tsawo shi ne na rediyo, su ne dangin abin da farantin parabol ke kamawa. A rage zangon, a zo kan na telekoman, wanda ke ƙasa da ja. A ƙara ragewa, sai wanda idonmu ke gani, daga ja zuwa shunayya, kuma wallahi ɗan tsito ne, kamar ƙofa ɗaya a jikin doguwar katanga. Bayansa can akwai reyon iks, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Na ƙarshe, mafi gajarta, mafi zafin kai, sunansa gama.

To akwai wani abu da ke faruwa a sama, da Faransanci surso gama ake ce masa. Ni walƙiyar gama nake cewa, tunda ban ji wanda ya raɗa masa suna da Hausa ba. Wani ƙaton tauraro ne, wanda ranarmu ba ta kai ko 'yar aikensa ba, idan makamashinsa ya ƙare sai cikinsa ya rufta. Ko kuma gawarwakin taurari biyu masu nauyin tsiya su yi ta kewaya juna har su gwabza. Sai wuta ta fita ta gefe biyu kamar an matse bakin tiyo. In bakin tiyon ya auno mu, walƙiyar ta iso. Wata ba ta kai sakan biyu ba, wata ta ɗan jima. Shi ke nan fa, an gama. Ƙasa ma ba ta isowa, iskar da ta lulluɓe duniya ke shanye ta, satelit da ke can sama ne kaɗai ke jin ta.

Ga inda abin ya kama ni. Walƙiyar kanta ba ta faɗin abin kirki. Satelit zai ce an yi wani abu ta wancan wajen, ya zana fili mai faɗi a sama, kamar a ce muku an ji ƙara a gabas da Wagadugu, ku je ku nemo. Nan take zai aiko da saƙo ƙasa, sai a shiga rige-rigen juya madubai na hangen sama, saboda abin ya bar rushi, rushin kuma hucewa yake yi. Madubin reyon iks ya fara kamawa, ya matse filin. Masu madubin hangen nesa a kan duwatsu su nemo ɗigon hasken da jiya babu shi. Su baje shi launi-launi, daga nan su san nisansa. In ido ya daina gani, manyan farantan rediyo, kakannin parabol ɗinmu, su ci gaba da saurare, makonni, watanni. Babu na'ura ɗaya da ta san labarin gaba ɗaya. Sai an haɗa.

Kuma saƙonnin nan a buɗe suke, kowa na iya sa a riƙa turo masa. Na sa. Da Turancin Ingilishi suke zuwa, cike da lambobi, waya na fassara mini, in gane rabi in tsallake rabi. Ina cikin naɗe wa mutum igiyar parabol sai aljihuna ya yi zirr.

"Kawu! An sake yi!"

"Allah ya ji ƙan tauraro. Miƙo mini turnabis in kwance ƙusar nan."

Mutum ɗaya ne a gidanmu ke saurarena har in kai aya, Yayanmu. Shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta, akwai mata biyu a tsakani suna gidajen mazajensu. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana lodi a Kossodo ya ɗauki hanyar gabas. Ba wai ganewa yake yi ba. Doguwar hanya ke sa shi kira, ya ce, "Auta, zuba mini labarin mamatan nan naki, barci nake ji." In yi ta zuba har rezo ya ɗauke, layin ya yanke.

Inna kuwa mutumiyar da ce. Iyayenta daga Nijar suka zo, an haife ta a tsohuwar unguwa wajen Kamsaoghin kafin a rushe gidajen a watsa mutane. Kunyar ɗan fari take yi, irin ta sosai ɗin nan. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. Ko wani ne daban mai sunan, sai ta ce "mai sunan nan". Shi kuma "mai motar" take ce masa, ko "wancan". Ba ta karɓar wayarsa. Idan ya kira ina gida, sai in sa a lasifika in ajiye kan tabarma kamar mantawa na yi. Ita kuma ta matso da farantin shinkafarta tana tsinta, ta dubi bishiyar dogon yaro da ke tsakar kur ɗinmu, wato tsakar gida, ta ce mata, "A ce wa mai motar, benga, dafaffen waken nan na bakin hanya, ba abinci ba ce." Yaya ya yi dariya daga can ya ce, "A ce mata an ji."

Wata safiya cikin damina, ina kan moto, babur ɗina, zan tafi butik, na fito daga unguwarmu Zongo na tsaya a bakin gudron, titin kwalta, ina jiran motoci su ragu, wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Na ɗaga. Na ji injin, na ji iska, na ji ya ce, "Auta." Sai ta yanke. Na kira, ba ta shiga. Hanyar gabas haka take, rezo sai inda ya ga dama. Na mayar da wayar aljihu na wuce. Ranar ma mun yi ciniki sosai, ana wasan ƙwallo, kowa telekomansa ya lalace.

Kashegari mai kamiyon ya aiko cewa motarsa ba ta isa ba.

Daga nan labarai suka fara shigowa, duk ta wayata, tunda ni ce mai waya a gidan. Vokal ɗin wani direba, saƙon murya, yana cewa mutanen daji sun tare hanya sun ƙona motoci. Wani ya ce an tafi da direbobin da ransu. Wani ya rantse ya ga Yaya a wani gari yana shan shayi. Aka turo bidiyo, hayaƙi ne daga nesa, na yi ta buɗe shi da yatsu biyu har ya zama 'yan murabba'ai masu ruwan toka.

Bari in faɗa muku yadda yake. Ban ji komai ba. Matar Yaya ta yi kuka har muryarta ta dushe, yayyena mata suka zo suka yi nasu. Ni ina tsaye ina kallonsu kamar tele da aka cire wa sauti. A zuba mini tuwo, in cinye. Gari ya waye, in hau moto in tafi butik. Kuma bakina bai rufu ba, shi ne abin. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin walƙiyar gama. Wata tsohuwa ta zo jaje, na tsare ta ina gaya mata cewa cokali ɗaya na gawar tauraro ya fi babban dutse nauyi. Babbar yayata ta ja ni bayan ɗaki.

"Ke wai ba ki da zuciya ne? Ana neman ɗan'uwanki kina ƙirga taurari?"

Na ce, "Ba ƙirgawa ake yi ba, bin rushinsu ake yi."

Ta dube ni ta dube ni, ta tafi.

Masu shigowa ba su san gaisuwar da za su yi ba. Ba a cewa "ya haƙuri" inda ba a tabbatar da mutuwa ba, mugun baki ne. Ba a kuma cewa "ina gajiya" kawai a wuce kamar ba abin da ya faru. Sai unguwa ta ƙirƙiro tata: "Ya jiran labari?" Inna ta ce, "Da godiya." Maƙwabciyarmu 'yar Mosi, mai sayar da zom-kom, ruwan gero mai ƙanƙara, kullum sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Lafi?" Inna ta ce, "Lafi bala." Lafiya kawai. Wata rana matar ta yafito ni.

"An ce kin san taurari. Ki duba mana mana, ko yaron nan yana raye."

"Tanti, ba irin wannan sanin ba ne."

"To wane iri ne, in ba ya nemo mutum?"

Na fara mata bayanin dogon zango da gajere. Ta ce ƙanƙararta na narkewa.

Matar Yaya kuwa ɗan kunne ya zama mata aiki. Ta cire, ta mayar. In ta cire, kamar ta sa kanta takaba tun ba a ce ba. In ta sa, kamar ba ta damu ba. Wata rana na gan ta tana wanke-wanke da guda ɗaya a kunne, ɗayan a ɗaure a bakin zani.

Damina ta wuce. Masu shigowa suka ragu, vokal ya daina zuwa. Wannan na san shi, na sha ganinsa a zane a wayata, yadda rushin walƙiya ke hucewa. Layi ne mai gangarowa, da sauri da farko, sannan a hankali, a hankali, ba ya kuma taɓa ƙasa sosai.

Wajen ƙarshen kaka wani dattijon direba ya zo, mutumin Nijar, abokin marigayi Babanmu. Bai shigo kur ba. Suka zauna a ƙofar gida shi da Kawu da limamin unguwa, na kai musu ruwa na maƙale a bayan ƙyaure. Ya ce ya bi hanyar cikin jerin motocin da ake rakawa. Ya ga ƙwarangwal ɗin kamiyon a gefen hanya, ya gane ta. Bai tsaya nan ba, ya nemi mutanen ƙauyen da ke kusa da wurin, waɗanda yanzu suke gudun hijira a wani gari. Biyu daga cikinsu suka ce su suka yi wa direbobin sutura. Ba su san sunan kowa ba. Amma sun ce akwai dogo mai wushirya, wanda ɗan yatsansa na hagu guntu ne. Jak ɗin ɗaga mota ne ya datse wa Yaya shi tun yana koyon mota.

Liman ya ce shaida ta isa. A shimfiɗa tabarmi, a karɓi gaisuwa, a yi masa sadaka, matarsa kuma ta san matsayinta.

Saura Inna. Kawu ya shiga ya durƙusa ya faɗa mata duka. Tana tankaɗe, ba ta ajiye rariyar ba. Ta ce, "Ku ne maza. Ku kuka san abin da ya dace da wancan."

Kawu ya fito ya tsaya a tsakar kur yana juya hularsa. Kowa ya san wannan ba amincewa ba ce. Uwar ɗan fari ba za ta buɗe baki ta ce ku yi wa ɗana makoki ba, kunya ba za ta bar ta ba. Mu kuma babu mai ƙarfin zuciyar da zai shimfiɗa tabarma a ƙofarta bai ji daga gare ta ba. Ko kunyar ce, ko ba ta yarda da labarin ba ne, babu wanda ya iya rabewa. Aka turo Gwaggo, ƙanwar Babanmu, aka turo matar liman, amsar dai ita ce. Tabarmin suna masallaci a naɗe. Matar Yaya tana nan da ɗan kunnenta. Abu ya tsaya cak.

A butik Kawu ya ce mini, "Ke mai baki kamar rediyon da maɓallinsa ya karye, uwarki ce ta gagare ki?"

"Me zan ce mata, Kawu?"

"Oho. Ki ba ta labarin mamatanki mana. Ai har mai gyaran taya kin ba shi."

Gatse yake yi, ni ma na sani.

Wata la'asar kuran, wutar lantarki, ya ɗauke a Gounghin, muka rufe da wuri. Na dawo gida da wani telekoman da zan buɗe in goge masa ciki. Inna na ƙarƙashin dogon yaro da farantin shinkafa. Na zauna a bakin tabarmar ina kwance ƙusoshi, sai wayata ta yi zirr. Na ga hannun Inna ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta ɗago kai ba, hannun ne kawai ya tsaya. A lokacin na gane duk watannin nan haka yake yi, duk sanda wayata ta motsa.

Na ce, "Na sama ne, Inna."

"Wani ya sake mutuwa?"

"E."

"Allah sarki." Ta cire wata tsakuwa ta jefar. "Kowa kin ba shi labarin nan har ya gaji, ban da ni. Ko ni ba ni da kunne?"

Wallahi ban jira ta sake faɗa ba. Na mayar da batir cikin telekoman ɗin, na buɗe kyamara, na ce ta danna. Ta danna da yatsan da ke da garin shinkafa. Hasken ya ƙyafta a fuskar wayar. Ta juya telekoman ɗin ta leƙa bakinsa, babu komai. Ta sake aunawa, ta sake dannawa.

"Tun yaushe yake wannan hasken?"

"Kullum aka danna, Inna. Ido ne ba ya kamawa."

Ta ce, "Hm."

Na zuba mata duka. Gajeren zango ta gane shi nan da nan, ta ce Babanmu a kansa yake kama labarai. Na faɗa mata tiyo, na faɗa mata satelit, na faɗa mata rushi, da yadda kowane madubi ke kama nasa rabon. Ba ta katse ni ba. Rabon da wani ya bar ni in kai aya, tun Yaya.

Da na tsaya shan iska ta ce, "Masu binciken nan, suna ganin gawar?"

"A'a. Babu wanda ya taɓa zuwa wurin. Ya yi nisa da yawa."

"To da me suke yarda?"

"Wannan ya ji kaɗan, wancan ya ga kaɗan. Sai su haɗa."

"In ido bai ga komai ba fa, sam?"

"Akwai irinsu, masu duhu ake ce musu. Wani lokaci ƙurar can wurin ce ke tare hasken. Sai dai reyon iks ya kama, ko farantin rediyo ya ji daga baya."

"Kuma su rubuta ya mutu."

"Su rubuta."

Ta ci gaba da juya shinkafar. Kaza ta zo ta ɗauki tsakuwar da ta jefar, ta saki.

"Wannan da ya shigo yanzu, wane sunansa?"

"Ba a ba su suna, Inna. Kwanan wata ake sa musu." Na nuna mata a wayar, haruffa uku, sai shekara, sai wata, sai rana.

"Ranar da ya mutu ke nan."

"A'a, ai ya daɗe da mutuwa. Shekaru dubbai kan dubbai kan dubbai, hasken ne ke ta tafiya a hanya. Su ranar da labari ya iso suke sa masa. Kuma kin san wani abin mamaki, saboda tsawon tafiyar, zangon hasken har miƙewa yake yi, shuɗi ya koma ja, ta haka ne ma suke..."

Ta ɗaga hannu. Na haɗiye sauran.

"Yau wace rana?"

"Talata."

Ta ajiye farantin a ƙasa, ta kakkaɓe hannunta a jikin zani.

"Ki hau motonki ki je ki ce wa Kawunki labari ya iso yau. Ya biya masallaci ya ɗauko tabarmi. Kafin ki fita ki kira mini yarinyar nan."

Na tashi. Na leƙa ɗakin matar Yaya na ce Inna na kira. Ina tura moto zuwa ƙofa na ji muryar Inna a bayana, ba da ni take ba, da bishiyar take.

"A ce wa mai motar..."

Na tsaya riƙe da moto ina jira. Ba ta ƙarasa ba. Da na waiwaya, matar Yaya ta durƙusa a gabanta, Inna na cire mata ɗan kunne da hannunta.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi daga ƙofarmu har ƙofar 'yar Mosi, ita ma ta fito da bencinta ta ba maza. Direbobi suka cika layin da motoci. Tsohuwar nan da na taɓa tsarewa da labarin cokali ita ta fara shiga wajen mata. Ta zauna ta ce, "Ya haƙuri?" Inna ta ce, "Haƙuri da godiya."

Ni aikin ruwa aka ba ni. Ina cika butoci, ina kai kofuna, ina dawo da su. Na jira ko wani abu zai motsa a ƙirjina. Bai motsa ba. Wajen azahar aljihuna ya yi zirr. Na koma bayan randa na duba. Saƙo ne a kan walƙiyar jiya: wani madubi a kan wani dutse, a wata ƙasa, ya samo ɗigon, kuma yana dushewa yadda ya kamata. Har nisansa sun auna.

Na karanta har ƙasa. Na ɗaga kai ina neman wanda zan gaya wa. Kawu na can cikin maza yana amsa gaisuwa, Inna na tsakiyar mata. Na mayar da wayar aljihu, na ɗauki buta biyu na kai ƙofar gida, za a yi alwala.